Ryuichi Sakamoto Da Sana'ar Kiɗan Fim Da Muka Raina

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙun masu karatu domin in yi magana a kan wani mutum da na tabbata yawancin masu karanta wannan jarida ba su taɓa jin sunansa ba, ko da yake wasu daga cikinsu sun taɓa jin aikin hannunsa ba tare da sun sani ba. Sunansa Ryuichi Sakamoto, haifaffen ƙasar Japan, wanda ya shafe shekara 40 yana tsara kiɗan fina-finai, ya kuma taɓa wasannin dandamali, har ya rasu ranar 28 ga Maris 2023 yana da shekara 71.

Ya kamata in faɗi abin da ya haɗa ni da maganar. Sana'ata ke nan. Na daɗe ina zaune gaban fiyano a wani ɗan sutudiyo, ina sanya wa fina-finai kiɗan nan da yake bin hoto ƙasa-ƙasa, wanda yake shigowa idan uwa ta juya baya tana share hawaye da bakin mayafi, ko idan mota ta tashi an bar wani tsaye a tasha. Duk mako ina karanta shafinku na nishaɗi, ina ganin sunan jarumi da jaruma da darakta da mawaƙi, amma ban taɓa cin karo da sunan mai wannan aikin ba. Akwai ranar da wani furodusa ya kawo mini fim da yammacin Alhamis, ya ce Asabar yake son ya karɓa, da na nuna masa lokacin ya yi kaɗan sai ya ce in sa masa kowane irin sauti, ai ba wanda zai lura. Na yi masa aikin, ya biya ni, amma maganar ta zauna mini a rai shekara da shekaru, kuma rayuwar Sakamoto ita ce amsar da na rasa ba shi a ranar.

An haife shi a birnin Tokiyo ranar 17 ga Janairu 1952. Mahaifinsa, Kazuki Sakamoto, abokin sana'arka ne, domin editan littattafai ne da manyan marubutan Japan irin su Yukio Mishima suka bi ta hannunsa, mahaifiyarsa kuwa zanen hulunan mata take yi. Tun yana ƙaramin yaro ya fara taɓa fiyano, kuma da ya kai shekara goma aka kai shi wajen malami ya soma koyon rubuta kiɗa a takarda. A 1970 ya shiga jami'ar fasaha ta Tokiyo, inda ya haɗa abu biyu da mutane ba su saba haɗawa ba, wato nazarin kiɗan gargajiya na al'ummu dabam-dabam, daga tsibirin Okinawa zuwa Indiya da Afirka, da kuma sarrafa na'urorin lantarki masu haɗa sauti, waɗanda a lokacin sababbi ne fil. Wanda ya fi ƙauna a cikin magabata shi ne Claude Debussy, mai tsara kiɗa ɗan Faransa, shi kuwa Debussy an san yadda kiɗan gamelan na mutanen tsibirin Java da ke Indonesiya ya ratsa shi da ya ji shi a bajekolin Paris na 1889. Ke nan saurayin Asiya ya je neman ilimi wajen Bature, ya tarar Baturen ma daga Asiya ya ɗebo wani abu. Saboda yawan karatun nan ne abokinsa Yukihiro Takahashi ya laƙaba masa Kyoju, wato Farfesa, sunan ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Duniya ta fara saninsa ne a 1978, sa'ad da shi da Takahashi da Haruomi Hosono suka kafa ƙungiyar Yellow Magic Orchestra, wadda ta yi kiɗa da kwamfuta da injin ganga tun kafin abin ya zama ruwan dare. Ba zan tsaya a kan wannan zamani ba sai don abu ɗaya da ya shafe mu. A 1980 ya fitar da wani kiɗa nasa shi kaɗai, babu waƙa a ciki, ya sa masa suna Riot in Lagos, wato tarzoma a Legas. Masu nazari suna danganta bugunsa da afrobeat na Fela Kuti, kuma suna lissafa shi cikin kaɗe-kaɗen da matasan baƙar fata na Amurka suka ɗora a kai lokacin da suke ƙirƙiro hip-hop. Daga baya, a 1989, ya gayyato Youssou N'Dour na Senegal ya yi waƙa a faifansa. Mutumin yana da kunnen da ya juyo wajenmu tun muna yara.

Shigarsa fim ta zo ne ta wata ƙofa dabam. Darakta Nagisa Oshima ya same shi ya ce yana son ya fito a fim ɗin Merry Christmas, Mr. Lawrence, labarin wani sansanin fursunonin yaƙi na sojojin Japan a tsibirin Java a 1942, ya zama Kyaftin Yonoi, kwamandan sansanin, tare da mawaƙin Ingila David Bowie. Sakamoto bai taɓa wasan kwaikwayo ba, bai kuma taɓa yi wa fim kiɗa ba, amma ya gindaya sharaɗi cewa zai fito idan an bar masa kiɗan fim ɗin, Oshima ya yarda nan take. Fim ɗin ya fita a 1983. Duk wanda ya ji babban kiɗansa sau ɗaya zai iya bin sa da bakinsa, domin 'yan muryoyi ne kaɗan suke ta kewayowa kamar ƙarar ƙararrawa, ba za ka iya cewa na Gabas ne ko na Yamma ba. A nan ne gwanintar take, domin labarin kansa na mutane ne biyu daga duniya biyu da suka kasa fahimtar juna, kuma suka kasa kau da kai daga juna. Fim na yaƙi ne, amma bai cika shi da ganguna da kakaki ba. Wannan aikin farko ya samo masa lambar yabo ta BAFTA a Ingila.

Inda nake son mu daɗe shi ne The Last Emperor na darakta Bernardo Bertolucci ɗan Italiya, wanda ya fita a 1987, domin a nan ne ake ganin yadda sana'ar take daga ciki. Labarin Puyi ne, sarkin Sin na ƙarshe, wanda aka ɗora a gadon sarauta a 1908 bai cika shekara uku ba, daga baya Japanawa suka mai da shi sarkin jeka-na-yi-ka a ƙasar Manchukuo da suka ƙirƙira, daga ƙarshe ya koma talaka har ya yi aikin kula da lambu, ya mutu a Beijin a 1967. A nan ma a matsayin ɗan wasa aka ɗauki Sakamoto, ya fito a matsayin Amakasu, jami'in Japan da yake juya sarkin ta bayan fage. Ana tsakiyar ɗaukar fim a birnin Changchun na ƙasar Sin sai Bertolucci ya ce masa yana buƙatar kiɗan bikin naɗin sarauta cikin 'yan kwanaki. Aka samo masa wani tsohon fiyano da muryarsa ta karkace, a kansa ya rubuta kiɗan. Bayan watanni, an gama ɗauka kowa ya koma gida, sai aka bugo masa waya cewa shi zai yi kiɗan fim ɗin, kuma lokacin da aka ba shi bai wuce kimanin mako biyu ba. Ya rubuta kiɗa fiye da 40, ya tafi Landan aka naɗa, yana isa ya tarar an sake yanka fim ɗin, tsawon wuraren da ya auna duk ya canja, dole ya zauna ya sake lissafi. Da aka gama sai da aka kwantar da shi a asibiti saboda gajiya.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda duk mai irin aikina zai ji a ƙirjinsa. Ranar da ya zauna ya kalli fim ɗin da aka kammala, ya tarar kusan rabin abin da ya rubuta an zubar, wanda aka bari ma an ɗauke wani daga inda ya yi shi dominsa an kai shi wani wuri. Shi da kansa ya ba da labarin irin kaɗuwar da ya yi. Na san wannan ciwon, domin na taɓa kwana biyu a kan kiɗan wata fitowa ta rasuwa, na je kallo na tarar an ɗora shi a kan masu cin abinci. Amma Sakamoto ya ɗauki darasin da ni na daɗe ban ɗauka ba, wato fim na darakta ne, mai kiɗa kuwa ɗan rakiya ne, kuma ɗan rakiya na ƙwarai ba ya shiga gaban ango. Bai yi fushi ya bar Bertolucci ba, ya sake yi masa aiki har sau biyu. A watan Afrilun 1988 fim ɗin ya kwashe lambobin Oscar tara, ciki har da ta kiɗa, wadda Sakamoto ya raba da David Byrne da Cong Su na Sin, ya zama Bajapane na farko da ya karɓi wannan lambar. Wanda yake son ya gane abin da nake nufi ya nemi wurin da matar sarkin ta biyu ta fita daga gida cikin ruwan sama ta ƙi karɓar laima, ya kalle shi sau ɗaya da sauti, ya sake kallo ya kashe sautin. Na gwada wa yaran da suke koyon aiki a wajena. Da sauti sai su ga mace ta tsinke igiyar da ta ɗaure ta, babu sauti kuwa mace ce kawai take tafiya a jiƙe.

Fim na biyu da ya yi wa Bertolucci, The Sheltering Sky na 1990, ya zo kusa da gida, domin an ɗauke shi a Maroko da Aljeriya da Nijar. Labarin wasu ma'aurata ne Amurkawa da suka nutsa cikin Sahara aurensu yana mutuwa. Ina da ƙorafi a kan fim ɗin, domin mutanen hamada a cikinsa sun zama kamar adon bango, ana wuce su ba a tambayar abin da ke ransu. Sai dai Sakamoto bai ƙara wa wannan laifin nauyi ba. Bai kwaikwayi kiɗan Buzaye ya ce nasa ne ba, an bar ɓangaren kiɗan Arewacin Afirka a hannun Richard Horowitz, wanda ya zauna a Maroko ya koye shi, shi kuwa ya tsaya a kan abin da ya sani, ya rubuta wa gogunan Turawa wani kiɗa mai nauyi da yake ɗauke da baƙin cikin ma'auratan. A wajen naɗar wannan kiɗan ne, makaɗa sun zauna kowa ya riƙe kayansa, Bertolucci ya ce bai son mabuɗin, a canja. Sakamoto ya ce ba zai yiwu ba a wannan lokaci, darakta ya ce masa ai da Ennio Morricone ne, shahararren mai kiɗan fim ɗan Italiya, da ya yi. Ya roƙi makaɗan su ba shi rabin awa, ya sake rubutawa, kuma daga baya ya amsa cewa sabon ya fi na farkon. Wannan amsawar ta fi burge ni a kan saurin hannun.

A shekarar 1990 ɗin ce ya koma birnin Niyok da zama. Ya rubuta kiɗan bikin buɗe wasannin Olympics na Barcelona a 1992, ya yi wa daraktoci irin su Pedro Almodóvar da Brian De Palma aiki. A fagen dandamali kuwa, babban aikinsa na farko shi ne LIFE a 1999, wasan opera da aka nuna a Osaka da Tokiyo, wanda ya waiwayi ƙarni na 20 da yaƙe-yaƙensa ta hanyar haɗa makaɗa da masu rawa da hotunan majigi. Wanda ya tsara masa hotunan, Shiro Takatani, shi ne suka sake haɗuwa a wasan TIME, da aka fara nunawa a Amsterdam a watan Yunin 2021. A wannan na biyun dandamalin kansa tafki ne na ruwa marar zurfi, tsohon ɗan rawa Min Tanaka yana ta ƙoƙarin shimfiɗa hanya a cikinsa, Mayumi Miyata kuma tana ratsawa a hankali tana busa sho, wani abin busa na gora da aka gada daga fadar sarakunan Japan. Tsakanin wasannin biyu shekara 22 ne, kuma duk wanda ya kwatanta su zai ga inda mutumin ya nufa. Na farko cike yake maƙil, na biyu kuwa an kwashe kusan komai an bar ruwa da numfashi.

Abubuwa biyu ne, a ganina, suka kai shi can. Na farko girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta 11 ga Maris 2011 a arewa maso gabashin Japan, wadda ta hallaka dubban mutane ta kuma jawo hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima. Ya ji labarin wani fiyano a makarantar sakandaren aikin gona da ke Natori a lardin Miyagi, wanda ruwan teku ya ɗaga ya jiƙa, ya tafi har can ya taɓa shi. Ga kowane mai gyara, wannan fiyano ya mutu, tsirkiyoyinsa sun saki, wasu maɓallan ba sa tashi. Shi kuwa ya ce ai katako da ƙarfen da ke jikinsa da ƙarfin tsiya mutum ya lanƙwasa su suka ba da muryar da muke kira daidai, ruwa kawai ya mai da su kusa da yadda aka halicce su. Ya naɗi sautinsa haka nan, ya sa a faifansa async na 2017. Daga wannan bala'in ne kuma ya tsaya a gaban masu zanga-zangar ƙin makamashin nukiliya a Tokiyo a 2012, ya kuma jagoranci ƙungiyar makaɗa ta yaran yankin da abin ya shafa, wato Tohoku Youth Orchestra, yana zama da su yana koya musu.

Na biyu rashin lafiya. A 2014 aka gano ciwon daji a maƙogwaronsa, ya ajiye aiki. Bai gama murmurewa ba darakta Alejandro González Iñárritu ya nemi ya yi kiɗan The Revenant, fim ɗin 2015 da Leonardo DiCaprio ya samu Oscar da shi, ya karɓa, suka yi tare da Alva Noto na Jamus da Bryce Dessner. Mutum ne a fim ɗin yake jan jiki cikin ƙanƙara bayan dabba ta yayyaga shi, kuma kiɗan da Sakamoto ya ba shi dogayen muryoyi ne da suke shigowa su ɓace, da tazara mai faɗi a tsakaninsu, har ba ka iya raba kiɗan da kukan iska. Wanda ya rubuta kiɗa fiye da 40 cikin mako biyu yana saurayi, shi ne yanzu yake auna inda zai yi shiru. A wannan zamanin an ɗauke shi a hoto ya kifa bokiti a kansa yana tsaye cikin ruwan sama a bayan gidansa, yana sauraron yadda ɗigon yake sauka. Tun a 2008 ma ya je Greenland ya zura makirufo cikin ruwan ƙanƙarar da take narkewa. Na gwada irin wannan a daminar da ta wuce, na ajiye makirufo a ƙarƙashin rufin kwano, na sa sautin a wata fitowa ta mace mai jiran mijinta da dare ba tare da na taɓa fiyano ba, kuma shi ne wurin da mutane suka fi yi mini magana a kansa.

A Janairun 2021 ya sanar cewa ciwon daji ya sake kama shi, wannan karon a hanji. Aka yi ta yi masa tiyata, ƙarfinsa ya ragu har ya kasa zama ya yi wasa na awa guda a jere, saboda haka wasansa na ƙarshe da aka watsa ta intanet a Disambar 2022 ɗaya bayan ɗaya aka naɗe shi cikin kwanaki a sutudiyon gidan rediyo da talabijin na NHK, sannan aka haɗa. Faifansa na ƙarshe, mai suna 12, ya fita ranar da ya cika shekara 71, kwana shida bayan rasuwar abokinsa Takahashi. Kowane kiɗa a ciki ba shi da suna sai kwanan watan da aka yi shi, kuma a wasu ana jin numfashinsa yana fita da ƙyar a bayan fiyano, bai goge ba. Da darakta Hirokazu Kore-eda ya nemi ya yi masa kiɗan fim ɗin Monster, ya gaya masa gaskiya cewa ba shi da ƙarfin ɗaukar fim sukutum, ya rubuta masa sababbi guda biyu, aka cika da tsofaffin ayyukansa. 'Yan makonni kafin ya cika, ya aika wa gwamnar Tokiyo, Yuriko Koike, wasiƙa yana roƙon a dakatar da sare itatuwan unguwar Jingu Gaien da ake shirin yi a lokacin domin sababbin gine-gine. Ba sabon abu ba ne a wajensa, domin tun 2007 ya kafa ƙungiyar kula da dazuzzuka mai suna more trees.

Malam Edita, roƙona gare ka guda biyu ne, kuma ba su da tsada. Idan wakilinku zai rubuta sharhin fim, namu ko na waje, ya daure ya zauna har sunayen ƙarshe su gama hawa, ya nemo wanda ya yi kiɗan ya ambace shi, ya kuma faɗi ko kiɗan ya taimaki labarin ko ya danne shi, domin suka ma gata ce ga wanda ba a taɓa kulawa da shi ba. Sannan ku ware fili, ko sau ɗaya a wata, ku riƙa kawo tarihin masu irin wannan aiki, ku fassara wa matasanmu da suke zaune gaban fiyano da kwamfuta a sutudiyo abin da waɗannan mutane suka faɗa game da sana'arsu. A Japan kaɗai akwai Toru Takemitsu, wanda ya yi wa fina-finai fiye da 90 kiɗa, da Fumio Hayasaka da ya yi aiki da darakta Akira Kurosawa, kuma idan kun buɗe filin a shirye nake in aiko muku da abin da na tara a kan kowannensu.

Na gode da haƙurin karantawa. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naka mai karatu,
wani mai haɗa kiɗan fim, daga Kano.